Wa'azin da Na Cire wa Hoto

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Yaya Lawan ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kabo ba za su yarda ba. Har yau idan mota ta ratsa da ni ta garin sai na ɗan zame a kujera, na ja hula ta sauko goshi. Wani direba ya taɓa tambayata ko ba ni da lafiya ne. Na ce masa e, tsohon ciwo ne.

Bari in fara gaya muku yadda nake a lokacin, don ku san irin mutumin da za ku tausaya wa (ko ku yi wa dariya, na saba). Na gama sakandare, aiki babu, halin ci gaba da karatu babu, sai zuciya cike da soyayya tana ambaliya kamar bokitin da aka manta a bakin famfo. Akwai wata rumfa a kasuwar Gwarzo inda ake ba da hayar littattafan soyayya, ni kuwa na kusa zama ɗan gida a wurin. Na karanta su har na ɗauka haka duniya take: kowace budurwa dara-daran idanu gare ta, kowane saurayi yana da mota mai sanyi da kamfanin mahaifinsa, kuma ba mai cewa "ina kwana" sai ya haɗa da wata da taurari. Jikina ne kawai yake Gwarzo. Zuciyata tana can wani falo mai labule har ƙasa, ana kawo min lemo a faranti.

A zahiri kuwa ina shagon Baffa Tasi'u ne, ƙanin mahaifina, kusa da tasha. An yi ragin ma'aikata an haɗa da shi, sai ya kwashe ɗan abin sallamarsa ya sayi kwamfuta ta hannu, da injin fotokwafi, da wani ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ni ya ɗora a kan kwamfutar, saboda duk danginmu ni kaɗai na san yadda ake kashe ta ba tare da an fisge waya ba. Daga nan mutane suka fara kirana Injiniya. Ban hana su ba. In ma wani ya manta, nakan tuna masa.

Lokacin shari'a ta shigo da zafinta. Gidajen kallo sun yi tsit, makaɗa sun koma gona, biki duk ya zama walima da wa'azi. Dattawa da yawa sun fitar da bidiyo daga gidajensu, wasu da zuciya ɗaya, wasu don maƙwabci ya gani. Amma kunne bai tuba ba. Samari da direbobin tasha sai su zo da faifan fim a soke cikin riga, su leƙa hagu da dama, su ce, "Injiniya, a cire min hoton, a bar min waƙar." A wurinsu laifin duk a hoton yake, da zarar waƙa ta sauka a kaset ta yi wanka ta yi alwala. (Ban taɓa tambayar wani malami hukuncin ba, don ina tsoron amsar ta rufe mana shago.)

Aikin ba shi da wata wahala, ni ne dai nake yin sa da ɗaure fuska kamar mai tiyata. Za ka sa faifan a kwamfuta, ka zare wayar lasifikarta ta baya, ka soka wata waya a ramin, ɗaya bakin ka kai shi jikin rikoda. Ka kunna faifai, ka danna jan maɓallin rikoda, shi ke nan. Hoto yana tafiya a fuskar kwamfuta, sauti yana bi ta waya yana kwanciya a kaset. Tunda an zare lasifika, kai ba ka jin komai, sai dai ka ga baki yana motsi. Kuma duk tsawon faifan, haka janareta zai yi ta shan mai, shi kuwa Baffa a wancan zamanin na tsadar fetur yana jin ƙarar janareta kamar jininsa ake zuƙa. Don haka ya kafa doka: in an gama, a saurari farkon kaset, in ya fita a kashe inji. "Mai aikin ya ji sauran a gidansa, da batirinsa."

A wannan shagon na fara ganin Zuwaira. Ta zo daga Kabo yin fotokwafin takardar sakamakonta. Duk abin da ta ce da ni shi ne "Guda biyu," sai kuma "Na gode." A kan wannan "na gode" na gina gida, na shafa masa fenti, na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Na bi diddigi na gano 'yar Alhaji Garba ce mai sayar da hatsi, mutumin da ko dariya zai yi sai ya fara duba ko ta halatta. Aka nema min izini, ya yarda in riƙa zuwa zance da la'asar, a zaure, ƙofa a buɗe. Daga ciki kuma yayarsa Gwaggo Talatu tana zaune inda take hango mu, tana tsintar wata shinkafa da ba ta taɓa ƙarewa.

Zancen namu abin tausayi ne. Nakan bar Gwarzo da jawabi a kaina babi-babi, amma da na hango gefen mayafinta sai komai ya gudu.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya... ya mutanen gida?"

"Ai ka tambaya."

Sai in koma ƙirga azarar zaure, ita tana wasa da bakin mayafi, Gwaggo tana tsinta, har a kira magariba. Sai na hau bayan akori-kura za ni gida sannan kalaman su dawo min gaba ɗaya, in yi ta faɗa wa buhunan masara.

Abin mamaki, shirun nan nawa shi ya burge Alhaji Garba. Ya ɗauka natsuwa ce. Ya aika wa Baffa cewa in an gama hidimar auren babban ɗansa Lawan, magabatana su zo a yi magana. Kun ji inda nake: biki ɗaya ne ya rage tsakanina da Zuwaira. Abin da ake nema a wurina kawai shi ne in ci gaba da yin shiru.

Ana gab da bikin sai ga Alhaji da kansa a shago. Na zube na kwashi gaisuwa, Baffa ya ba shi kujera, suka gaisa tun daga iyali har farashin taki. Sannan ya zaro wani faifai daga aljihu, riƙe da shi da yatsa biyu. Wa'azi ne na wani malami kan zaman aure. Ya ce ɗauko malami daga birni a wannan marra sai mai ƙarfi, shi kuma gidansa ba a kallo.

"An ce kai kake cire hoto ka bar magana. A sa min shi a kaset. Ranar walima za a saka a lasifika, maza a waje, mata a ciki, kowa ya amfana."

"Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne," na ce, ina durƙushe amma kaina yana taɓa silin. "Zai fita tas. Har abin da ba a ji a faifan ma sai an ji a kaset ɗin."

(Ku yi hattara da abin da kuke faɗa a durƙushe. Wani lokacin karɓa ake yi.)

Da safiyar ranar da zan yi aikin, mun ɗauki tallar wani mai maganin gargajiya. Ya zo ya yi ta ihu a makirufo kan basir da shawara, ya tafi. Na tura makirufon bayan tarin takardu, ban zare shi ba, ban kuma rufe shi a cikin kwamfutar ba. Abin da babban Injiniya bai sani ba (yanzu na sani, har ina iya buɗe makaranta a kai) shi ne, muddin makirufo yana buɗe, duk abin da ya ji sai ya bi waccan wayar tare da sautin faifai, su shige kaset hannu da hannu.

Bayan azahar Baffa ya tafi ta'aziyya Lakwaya. Na tayar da inji, na haɗa wayoyi, na danna jan maɓalli. Malam ya bayyana da rawaninsa yana kaɗa yatsa, ba sauti. Na zauna ina kallonsa shiru kamar yaron kirki. Can sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, tasha ta watse. Ni kaɗai a shago, ruwa yana dukan kwano, ƙamshin ƙasa yana shigowa. Duk wanda ya karanta littattafan nan ya san ruwan sama ba ya sauka a banza. In ya sauko, to wani zai furta sirrin zuciyarsa.

Sai na ce bari in gwada jawabin da na daɗe ina so in yi wa Zuwaira. Na miƙe, na gyara murya, na fuskanci injin fotokwafi (shi ne Zuwaira), na fara. Amma jawabi ba amsa ba shi da armashi, kuma a littafi budurwa ba ta barin saurayi ya yi ta zuba shi kaɗai. Injin fotokwafi kuwa ya fi Zuwaira shiru. Don haka na taimaka masa. Na matse maƙogwaro, na karkata kai, na jawo labulen taga na rufe rabin fuska, na amsa wa kaina. Abin da muka faɗa wa juna ni da ni, za ku ji shi nan gaba kaɗan tare da mutanen Kabo.

Ruwa ya ɗauke, faifai ya ƙare. Na mayar da kaset baya na saurari farko: ga malam nan tas, sai ɗan gunjin janareta a ƙasa-ƙasa. Na kashe inji kamar yadda doka ta ce. Na shafa wa kwalin kaset ɗin turare, na kai Kabo da hannuna.

Ranar walima an kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji. Tabarmi, kujerun roba, 'yan agaji da kakinsu suna tsara mutane. Ga liman, ga mai unguwa, ga Baffa cikin babbar rigarsa ta Sallah a gefen Alhaji, suna zaune kamar an riga an zama surukai. Ni ma na ari babbar riga, ina ta fama da ita. An aro lasifika biyu daga Islamiyya. Ɗaya aka rataye a darbejiya tana fuskantar maza, ɗaya aka ɗora a katanga tana kallon tsakar gida inda mata suke. Kafin a kunna, Alhaji ya ce da jama'a, "Wannan aikin Injiniya ne, yaron nan na Gwarzo. Allah ya yi masa albarka." Na miƙe na rusuna. Na ma ɗan daɗe a tsaye, don na baya su gan ni da kyau, kada daga baya a yi musun ko wane ne.

Wa'azi ya fara. Murya tangaran. Ana gyaɗa kai, ana kabbara, ana miƙa waina. Wani dattijo ya juyo ya ce min, "Kai yaro, kamar yana nan!" Na ce, "Ai ilimi ne, Baba."

Can sai aka ji ruwa ya kece. Kowa ya ɗaga kai. Rana tana tsakiyar sama, ko gajimare babu. Wani tsoho har ya fara naɗe tabarma. Ni ma na ɗaga kai ina murmushi, sai kuma na gane daga lasifika ruwan yake zuba.

Malam yana cewa, "Saboda haka iyaye, ku kula, kada ku bar saurayi da budurwa su keɓe inda ba idon kowa..." Sai aka ji gyaran murya, kusa-kusa, ta fi ta malam ƙarfi.

"Zuwaira. Ya ke fitilar da ke haska lungunan zuciyata. Yau ga ni ga ki, ba Gwaggo, ba shinkafarta."

Waina ta tsaya a hannun mutane. Kafin kowa ya numfasa, wata siririyar murya mai yauƙi ta amsa daga saman darbejiya:

"Haba Injiniyana, ka bari mana, kunya nake ji. In Baba ya ji fa?"

"Baba yana Kabo yana awon dawa. Matso kusa."

"A'a, mayafina zai zame. Wallahi tun ranar da na kawo takardata ban ƙara barci ba. Ko tuwo aka ajiye min, fuskarka nake gani a ciki."

Daga cikin gida aka ɗauki salati. Ango Lawan ya zabura zai kashe rikoda, Alhaji ya ɗaga hannu, ko kallonsa bai yi ba.

"Bar shi. Tunda a gaban jama'a aka fara, a ƙare a gaban jama'a."

Haka muka zauna. Malam yana ta ƙoƙarinsa a ƙasa, bawan Allah, muna taka shi. Akwai inda ya ɗaga murya ya ce, "Me za ka ce ranar da za a tambaye ka?" ni kuma na shigo da, "Ke ce sanadi, tauraruwata." (Na rantse ban ji shi ba lokacin.) Na yi mata alkawarin gidan sama a birni, ta ce ko a rumfar kara za ta zauna da ni. Na ce zan iya mutuwa dominta, ta ce in na mutu ita ma a haƙa biyu. Har waƙa muka yi, ni in ba da baiti, ni in amsa. Ina zaune cikin rigar aro ina addu'ar ko batir ya mutu, ko kaset ya harɗe, ko ni. Kaset ɗin da yake cinye zare kullum, ranar lafiya lau ya tafi har ƙarshe, ya yi ƙas.

Shiru. Har kukan akuya ana ji daga bayan gari.

Har zuwa lokacin kunyar kaina kawai nake ji. Sai na dubi fuskar Alhaji Garba, na ga ba fushi ne a cikinta ba, wani abu ne da ya fi fushi. Nan na gane. Duk taron nan ni kaɗai na san mutum ɗaya ne a shagon. Abin da su suka ji shi ne 'yar Alhaji Garba, ita da namiji, a shago a Gwarzo, ana ruwa, ana maganar zamewar mayafi. A wancan lokacin magana irin wannan ba wasa ba ce. Ko ba a kai ta gaban kowa ba, ta isa ta bi yarinya har tsufanta. Daga tsakar gida hayaniya ta tashi. Ina jiyo Gwaggo Talatu tana rantsuwa cewa ranar ruwan nan Zuwaira tana gabanta suna tankaɗe, wata kuma tana cewa, "To muryar wa muka ji, ta aljana?"

Shugaban 'yan agaji ya matso, cikin ladabi amma ba fara'a. "Malam, yaushe yarinyar ta je shagonku?"

"Ba ta je ba."

"To wace ce wannan?"

"Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni ne... duka biyun."

Aka yi guna-guni. Mai unguwa ya girgiza kai. "Yaro, rufa wa mutum asiri abu ne mai kyau, amma kada ka haɗa da ƙarya a gaban manya. Mun ji muryar mace da kunnenmu."

Kun ga bala'in gwaninta. Da na yi muryar banza da tuni an gane. Amma a'a, sai da na zuba duk basirata.

Liman ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. In shi ne, ya yi mu ji."

Baffa ya jawo hannun rigata, ya raɗa min, "Don girman Allah, ka zama kai ne." Ina jin tun da aka kafa Gwarzo ba a taɓa samun baffan da ya roƙi Allah ɗansa ya kasance mai muryar mata ba sai ranar.

Na miƙe. Na buɗe baki. Abin da ya fito ya fi kama da ƙofar langa-langa mai tsatsa. Na sake gwadawa, aka ji kamar ɗan bunsuru ya shaƙe da dusa.

"Wannan ba ita ba ce," wani ya ce daga baya. "Ko kusa."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Lawan yana kallona kamar yana auna inda zai fara duka. Sai ga Gwaggo Talatu a bakin zaure, hijabi a karkace, tana haki.

"A ba shi abin maganar nan! Matan da ke ciki su ne za su kai zancen har garin Madadi kafin magariba. Su ma su ji da kunnensu. Kai kuma, mai hana ni tsintar shinkafata, in ka iya a ɓoye sai ka iya a sarari!"

Aka jona makirufo, aka danƙa min. Na tsaya ina kallonsa. Ni na san gaskiyar lamarin: muryar nan ba ta zuwa ita kaɗai, sai da kayan aikinta. Ko dai in tsira da ɗan guntun mutuncin da ya rage min, a bar Zuwaira da tabo, ko in yi abin yadda ake yin sa. Na ce a raina, jaruman littafi suna shiga wuta saboda masoyiya. Ni tawa wutar ke nan, sai dai ba a taɓa rubuta irinta ba.

A gaban liman, da mai unguwa, da 'yan agaji, da mutumin da nake so ya ba ni 'yarsa, na kamo hannun babbar riga na yafa a ka. Na rufe rabin fuska. Na karkata wuya. Na sa babban yatsan ƙafa ina zane ƙasa. Na lumshe ido.

"Haba Injiniyana, ka bari mana, kunya nake ji."

Wallahi ta fi ta kaset fita. Ta bi ta darbejiya, ta bi ta katanga, ta gama unguwa.

Liman ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ita ce." Sai ya gyara, "Wato shi ne."

Daga nan wurin ya fashe. Ban taɓa sanin dattawa suna da irin wannan dariyar a ajiye ba. Mai unguwa ya cire hula yana fifita. Shugaban 'yan agaji ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ango ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. A cikin gida wata ta rangaɗa guɗa. Tsohon nan mai naɗe tabarma ya ɗaga murya, "Mu na baya ba mu ji ba, a maimaita ta wajen tuwon!" Kuma, jama'a, na maimaita. Ba wanda ya tilasta ni. Har yau ban san dalili ba.

Alhaji Garba ya jira aka lafa. Gemunsa yana ɗan motsi, amma ya riƙe.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Kowa ya ji, 'yata ta fita." Sai ya juya wajen Baffa. "Malam Tasi'u, maganar da muka yi da kai, a bar ta. Yaron nan ba ya buƙatar 'yar kowa. Shi ne saurayin, shi ne budurwar, kuma na ga sun fahimci juna. Allah ya ba su zaman lafiya."

Taron gaba ɗaya ya ce, "Amin!" Har da Baffa, bisa kuskure.

Na sulale ta gefen katanga zan nemi mota, sai Gwaggo ta ƙwala min kira. Na dawo bakin zaure kamar wanda za a yanka. Zuwaira tana tsaye a bayan ƙyaure, gefen mayafinta kawai nake gani. Ta yi magana, kuma a ranar na fara jin muryarta sosai. Murya ce mai kauri, a natse, ba yauƙi ko kaɗan. Ko maƙwabtaka ba ta yi da wadda na ba ta.

"Na gode da ka wanke ni. Ba kowa ne zai iya tsayawa ya yi abin da ka yi ba."

Zuciyata ta ɗan ɗago kai. A littafi daga nan ake cewa "amma ni kai nake so."

"Amma Injiniya, duk zuwan da kake yi, ka taɓa jin na yi magana haka? Ni ce zan ga fuskarka a tuwo? Ni ce za a haƙa biyu? Da ka taɓa tambayata wani abu ban da lafiyar mutanen gida, da ka ji abin da zan ce. Kullum sai na zo da maganata a baki, in koma da ita. Ashe kai ka riga ka amsa min a Gwarzo."

Na buɗe baki. Wannan karon ko a kaina ba ni da jawabi, ko nawa ko nata. Ƙyaure ya rufe a hankali. Gwaggo ta miƙo min ƙullin waina a leda ta ce, "Ungo, ku ci kai da amaryar."

Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura wa Zuwaira aure da wani malamin firamare. Na ji an ce shi ma ba mai yawan magana ba ne, amma in ya yi tambaya yakan jira amsa. Ni kuwa na daɗe ba na shiga tashar Gwarzo ta ƙofar gaba, don da na ɓullo kwandastoci za su karkata wuya su ce, "Kabo mutum ɗaya, ka bari mana!"

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. In kana son mace, ka tambaye ta, sannan ka rufe bakinka. Tana da nata, kuma yawanci ya fi wanda za ka ara mata hankali. Matar da na aura daga baya 'yar wani gari ce mai nisa da Kabo (da gangan na zaɓa). Takan gaya wa ƙawayenta cewa ba ta taɓa ganin namiji mai sauraro irina ba, in ta fara magana ko tari ba na yi sai ta kai aya. Ta taɓa tambayata a ina na koyi wannan hali. Na ce mata baiwa ce.

In Allah ya haɗa ku da ita, don Allah a bar shi a baiwa.